Mutum uku sun isa su rufe wa gurup baki

  Ina godiya ga waɗanda suka shirya wanga zama, da suka ba ni dama in yi magana a kan halin ɗan Adam idan ya shiga waya. Na san wasunku sun zo suna jiran a sake yi musu wa'azin nan da aka saba, cewa salula ta ɓata tarbiyya, yaran yanzu ba su da kunya, da can ba haka ake ba. Ku kwantar da hankalinku, ba shi ya kawo ni ba. Ni ma tsararku ne, wayata tana aljihuna, kuma ranar da forfe ya ƙare mini sai in ji kamar an ɗauke wutar kartiye gaba ɗaya.

Zan fara da tambaya, kuma ba sai an ɗaga hannu ba, kowa ya amsa a zuci. Sau nawa a watan nan aka turo wani abu a gurup ɗin da kake ciki, odiyo ko hoto ko bidiyo, ka gane ƙarya ne, ko dai zuciyarka ta ce maka akwai lauje cikin naɗi, amma ka yi shiru? Ka ga mutum uku ko huɗu sun rubuta "Allah ya kiyaye", wani ya ce "a yaɗa don Allah", ka karanta, ka kife wayar, ka ce ba ruwanka. Wannan shirun nake so mu tattauna yau. Ana yawan maganar masu ƙirƙirar ƙarya, kuma sun cancanci a yi maganarsu. Sai dai su ƴan kaɗan ne. Mu masu gani mu wuce, mu ne tulin, kuma da shirunmu suke cin kasuwa.

Kafin nan, mu yi wa waya adalci: jita-jita ta girme ta nesa ba kusa ba. A 2003, lokacin da yawancinmu muna ƙanana, wasu ma ba a haife su ba, maganar cewa rigakafin shan inna yana hana haihuwa ta sa aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya. Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004, kuma a sanadin haka cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Babu WhatsApp a lokacin, babu TikTok. Baki da baki ne, a tasha da kasuwa da majalisa, kuma sai da maganar ta ɗauki watanni kafin ta kankama.

Ku kwatanta da 2014, da Ebola ta shiga Legas. A watan Agusta wani saƙo ya zagaye Najeriya cikin dare ɗaya, cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai yana kare mutum daga cutar. Mutane suka riƙa tada ƴan uwansu daga barci kafin asuba. Aƙalla mutum 2 suka mutu saboda gishirin, wasu kusan 20 aka kwantar a gidan likita. Ita Ebolar kanta, mutum 8 ta kashe a duk faɗin Najeriya. Abin da ya ci watanni a 2003, kwana ɗaya ya ci a 2014.

To wa ya tura wannan saƙon? Uwa ce ta kira ɗanta da ke makaranta. Wa ne ya tura wa ƙanwarsa mai ciki. Babu mai nufin sharri a cikinsu, ƙauna ce ta tashe su cikin dare. Kuma lissafin da suka yi, shi muke yi kullum ba tare da mun lura ba: idan gaskiya ne na ceci rai, idan ƙarya ne ba abin da na yi asara. A wurinmu tura saƙo wani nau'in zumunci ne, kamar ka dawo daga tafiya ka riƙo tsaraba. Kana gaya wa mutum cewa ka tuna da shi. Shi ya sa idan ka ce wa mutum abin da ya turo ƙarya ne, sai ya ji kamar ka mayar masa da tsarabarsa.

Kuma tsaraba, sabon abu ake so. Wasu masu bincike uku a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka fitar da sakamakon a 2018. Sun samu cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya damar a sake tura shi da kashi 70 cikin 100, kuma kafin gaskiya ta kai ga mutum 1,500 tana ɗaukar lokaci kusan ninki 6 na wanda ƙarya ke ɗauka. Da suka cire shafukan da kwamfuta ke sarrafawa suka bar na mutane zalla, sakamakon bai canja ba. Mutane ne masu turawar. Dalili kuwa mai sauƙi ne: gaskiya dole ta tsaya iya abin da ya faru, ita kuwa ƙarya ana ɗinka ta daidai jikin tsoronmu.

Yanzu in kai ku wani ɗaki a Amurka, wajen 1951. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam, Solomon Asch, haifaffen ƙasar Poland. Yakan tara ɗalibai 7 zuwa 9 ya ce zai gwada ganinsu. Sai ya nuna musu kati mai layi ɗaya, da wani katin mai layi uku, ya ce kowa ya faɗi wanne daga cikin ukun ya yi tsawo ɗaya da na farkon. Abu ne da yaron lakwal zai amsa. Idan mutum yana shi kaɗai, kuskurensa ba ya kai 1 cikin 100. Amma akwai dabara a ciki: duk waɗanda ke ɗakin an haɗa baki da su, ban da mutum ɗaya, kuma an zaunar da shi inda sai kusan kowa ya amsa kafin a zo kansa. Zagaye na farko da na biyu kowa ya faɗi daidai. A na uku sai na farko ya zaɓi layin da kowa ke gani ba shi ba ne. Na biyu ya bi shi, na uku ya bi, har aka zo kan bawan Allahn nan da bai san dawan garin ba.

Ku sa kanku a kujerarsa. Idonka yana gaya maka abu ɗaya, mutum shida masu hankali suna gaya maka wani. Babu wanda ya zare maka ido, babu wanda ya yi maka alkawarin ko dala. Duk da haka, kusan 3 cikin 4 na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, kuma idan aka haɗa amsoshin duka, sama da kashi ɗaya cikin uku bin taro ne aka yi. Da aka tambaye su daga baya, wasu suka ce sun fara zargin idonsu. Wasu kuwa suka ce sun san amsar sarai, kawai ba sa son su zama saniyar ware. Wannan fa a kan tsawon layi ne, abin da ba ya taɓa addinin kowa, ko ƙabilarsa, ko siyasarsa. Ina ga an zo kan waɗannan?

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikin Asch shi ne da ya riƙa canja yawan masu haɗin bakin. Idan mutum ɗaya ne ya saɓa maka, kusan ba ya girgiza ka. Idan biyu ne, bin taron ya fara tashi. Da sun kai uku, ya haura kashi 30 cikin 100, kuma daga nan ko an ƙara mutane ba wani bambanci mai yawa. Mutum uku ke nan. Ba sai dubu sun taru ba kafin ka fara shakkar abin da idonka ya gani.

To mu dawo gida. A fada, idan wani ya kawo labari ana cikin shan shayi, kana ganin fuskokin kowa. Kana ganin wanda ya taɓe baki, da wanda ya sunkuyar da kai yana murmushi, da wanda ya ce "kai, haba dai". Ko ba a furta ba, ka san ba kowa ya yarda ba, kuma wannan ya ishe ka ka riƙe naka ra'ayin. A gurup babu wannan. Gurup ɗin WhatsApp yanzu yana ɗaukar mutum har 1,024. A ce naku mutum 200 ne. Su wa ke magana kullum? Ku ƙirga, da wuya su wuce goma, kuma kun san sunayensu. Sauran 190 suna karantawa, wasu suna taɓe baki a ɗakunansu, amma taɓe baki ba ya fitowa a allo. Abin da ke fitowa shi ne "gaskiya ne wallahi" na mutum uku na farko. Sai kai, da ke shakka, ka ɗauka kai kaɗai ne. Ita ma wadda ke shakka a wata unguwa ta ɗauka ita kaɗai ce. Kuna iya zama ku ne mafi rinjaye, amma kowa na zaune a kujerar bawan Allahn nan na ɗakin Asch.

Kuma wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2019 cewa kashi 10 cikin 100 na masu amfani da Twitter a Amurka su ke rubuta kashi 80 cikin 100 na abin da ake wallafawa. Tun a 1974 ma wata Bajamushiya, Elisabeth Noelle-Neumann, ta bayyana yadda abin ke juyawa: mutum yana auna ra'ayin jama'a kafin ya buɗe baki, idan ya ga kamar nasa ba shi da magoya baya sai ya yi shiru, shirunsa kuma ya sa ra'ayin ya ƙara zama kamar ba shi da kowa, sai na gaba shi ma ya yi shiru. A haka har ra'ayin mutane da yawa ya ɓace daga fili alhali yana nan a zukata.

Akwai wani abu da ke ƙara wa borno dawaki. Odiyo ɗaya zai same ka a gurup ɗin dangi da safe, a na tsoffin ƴan lakwal da rana, a na kartiye da dare. Sai ƙwaƙwalwarka ta lissafa shaidu uku, alhali mutum ɗaya ne ya naɗe shi a ɗakinsa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa maganar da aka maimaita wa mutum tana ƙara yi masa kama da gaskiya, don kawai kunnensa ya saba da ita.

A Facebook da TikTok kuma akwai wani mai shiga tsakani da ba ma gani, wato algoritim, tsarin da ke zaɓar abin da zai fito maka a gaba. Shi ba ruwansa da gaskiya ko ƙarya, abin da zai riƙe ka a kan allo yake nema. Takardun cikin gida da wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba ƴan fuskokin nan na martani, har da na fushi, maki 5, alhali laik maki 1 ne. Daga baya sun rage, amma an yi shekaru rubutun da ya fi tunzura mutane shi ake turawa gaba. Saboda haka abin da kake gani kana cewa "ra'ayin jama'a", an tace shi sau biyu kafin ya iso ka: masu sanyin rai sun yi shiru, sannan injin ya ɗauko mafi zafi cikin masu maganar ya ɗora a sama.

Yanzu in zo kan kunya, don a nan nake ganin namu ya bambanta. Dattawa suna cewa waya ta kashe kunya. Ni a ganina ba ta kashe ta ba, ta dai juya mata zama. Inda kunya ke da amfani, nan ta cire ta. Inda take cutarwa, nan ta bar ta, har ta ƙara mata ƙarfi.

Ku duba ƙarƙashin rubutun wanda ba mu sani ba. Yaron da ba zai iya wuce dattijo a hanya bai rusuna ba, shi ne zai zagi uwar sa'an babansa a Facebook, da sunan aro da hoton zaki. Wani masani, John Suler, ya yi bayanin wannan tun 2004: ba a san ka ba, ba a ganin ka, kai ma ba ka ganin idon wanda ka soka, kuma kana iya jefa maganar ka kashe data ka tafi. A zahiri abin da ke taka mana birki shi ne fuskar mutum lokacin da magana ta same shi. Da ka ga idonsa ya kawo ruwa, bakinka zai mutu. Allo ya ɗauke wannan fuskar. Kuma ƴan uwa mata, ku kuka fi kowa sanin kuɗin wannan. Hoton yarinya ɗaya ya fita, ko an yi kaptir ɗin hirarta, kafin magariba ya zagaye gari. Kowane mai turawa yana cewa "ku ga abin da duniya ta zama", wai shi mai takaici ne, alhali shi ne ƙafar da abin ke tafiya da ita. Ita kuwa tana da uwa, tana da ƙanne da za su je lakwal gobe, wataƙila an sa mata rana. Saurayin da ya fitar da hoton, sau da yawa ko sunansa ba a tambaya.

Sai ku juyo gurup ɗin dangi. A nan kunya tana nan daram. Kawu ya turo odiyo cewa wani magani yana warkar da ciwon suga cikin kwana bakwai, a bar na likita. Kai ka yi karatu, ka san hatsarin abin, kuma ka san Inna tana da ciwon suga, tana cikin gurup ɗin. Amma yaya za ka ƙaryata Kawu a gaban ƴaƴansa da surukansa? Za a ce boko ya ɗauke maka tarbiyya. Sai ka yi shiru. Ka ga ikon Allah: mutumin da ya iya zagin baƙo a fili kan ƙwallo, ya kasa cewa "anya kuwa?" a inda lafiyar uwarsa take.

Kuma odiyo yana da wani ƙarfi da rubutu ba shi da shi. Yawancin iyayenmu ba sa karanta Faransanci, da murya suke hulɗa da waya. Murya kuwa tana zuwa da sallama, da rantsuwa, da shessheƙa, da karin harshen garinku. Mai maganar zai ce "ni da idona na gani", ba suna, ba gari, ba rana. Ba ka iya kwafe ta ka bincika kamar rubutu. Sannan saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin kansa ba ya jin abin da ke ciki. Ma'ana babu wani ɗan jarida ko mai tantance labari da zai shigo gurup ɗin danginku ya gyara. Idan gyara zai zo, daga cikin waɗanda ke ciki zai fito.

To me ya sa ba ya fitowa, ko a gurup ɗin da babu Kawu? A 1968 wasu masana biyu, John Darley da Bibb Latané, sun yi wani gwaji a New York da ya yi kama da gurup ɗinmu har abin ya ba ni mamaki. Sun sa ɗalibai kowa a ɗan ɗakinsa, ba mai ganin wani, suna hira ta na'urar magana. Ana cikin hira sai a ji ɗaya ya fara sarƙewa kamar farfaɗiya ta kama shi, yana neman taimako. Muryar naɗaɗɗiya ce, amma ɗalibin bai sani ba. Waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke jin sa, kashi 85 cikin 100 sun fito neman agaji tun kafin muryar ta yanke. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 kawai. Kuma waɗanda ba su fito ba, an same su cikin damuwa, hannu na rawa. Ba rashin tausayi ya zaunar da su ba. Kowa ya ɗauka wani ya riga ya tashi. Idan mutum huɗu sun isa su raba nauyi haka, ku auna mutum 200. Kowa yana cewa ai admin zai yi magana, ai akwai likita a cikinmu, ai akwai malam.

Ga inda wannan ke kaiwa idan ya yi muni. A Indiya, a 2017 da 2018, saƙonni sun riƙa yawo a WhatsApp cewa masu satar yara sun shigo gari. Cikin abin da ake turawa har da wani bidiyo na mutum biyu a kan babur suna sure yaro a titi. Asalinsa fim ɗin faɗakarwa ne da aka yi a Karachi ta Pakistan, kuma a ƙarshensa ana maido da yaron tare da saƙon a kula da yara. Wani ya yanke ƙarshen. Ranar 1 ga Yulin 2018, wasu mutum 5 daga wata al'umma mai yawon bara suka sauka daga mota a ƙauyen Rainpada, a jihar Maharashtra, ranar kasuwa. Ɗayansu ya yi wa wata yarinya magana. Taro ya rufe su da duka har suka mutu, wasu na ɗauka da waya. Ba su saci kowa ba. Kuma ba su kaɗai ba ne, an kashe mutane da dama a wasu jihohin kan wannan jita-jitar.

Na kawo Indiya ne don nesa take, za mu iya kallon abin ba tare da kowa ya ji an taɓa nasa ba. Amma ku faɗa mini, odiyon "an ga wasu baƙi a bayan gari" baƙo ne a wayoyinmu? A halin tsaron da muke ciki, tsoron mutane na gaske ne, ba wanda zai raina shi. Sai dai wanda irin wannan saƙon ke faɗawa a kansa kusan kullum mutum ɗaya ne: wanda ba shi da kowa a garin. Ɗan ci-rani, makiyayi, almajiri, mai taɓin hankali, wanda Hausarsa ta bambanta da tamu.

Bayan waɗannan kashe-kashen WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a Indiya a 2018, sannan a duk duniya a farkon 2019. A Afrilun 2020, lokacin korona, suka ce saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa, wuri ɗaya kawai za ka iya tura shi a lokaci guda, kuma kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ba su hana kowa komai ba, ɗan jinkiri kawai suka saka. Wannan ya nuna yawancin turawar da muke yi ba daga zurfin imani take fitowa ba. Yatsa ne ke riga tunani.

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 aka maido da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ake ganin zai iya dagula zaman lafiyar jama'a. Ya kamata kowa ya san wannan, kuma ni dai ba zan so in tsaya gaban alƙali da hujjar "ni ma turo mini aka yi" ba. Muhawara kan ita dokar, da yadda ake aiki da ita, zama ne na daban. Abin da ya shafi maganarmu ta yau shi ne tsoro ba ya zaɓe. Yana rufe bakin maƙaryaci, yana kuma rufe bakin mai tambaya, kuma mai tambayar ya fi saurin tsorata don da sunansa na gaskiya yake magana. Mun kuma ga lokacin da aka yanke intanet ɗin waya kusan kwana 10 bayan zaɓen Fabrairun 2021. Jita-jita ba ta mutu ba, ta koma kiran waya da bakin fada, kuma a lokacin ba ka da ko inda za ka bincika.

Na ajiye wani ɓangare na gwajin Asch sai yanzu. A wani zagayen ya sa mutum ɗaya daga cikin masu haɗin bakin ya riƙa faɗin amsar daidai. Mutum ɗaya tak, sauran duk suna kan ƙaryarsu. Bin taron ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da. Har ma ya gwada sa mutumin ya saɓa wa taron da wata amsar da ita ma kuskure ce, kuma duk da haka wanda ake gwadawa ya samu ƙarfin faɗin abin da idonsa ya gani. Ashe abin da ke danne mutum shi ne ya ga baki ya zo ɗaya. Da an samu tsaga ko ƙarama ce, sai ya samu wurin numfashi.

Saboda haka ba sai ka zama masani ba, ba sai ka ci gardama ba. Ba sai ma ka ce "ƙarya ne" ba, don wannan kalmar faɗa take jawowa. Tambaya ta isa. "Don Allah a wane gari abin ya faru?" "Wa ya yi wannan odiyon, akwai wanda ya san shi?" Idan bidiyo ne, a duba lambar motocin da ke ciki, da harshen da ake yi, da irin tufafin, don sau da yawa tsohon abu ne na wata ƙasa aka yi wa sabon suna. Mai turowar wataƙila ba zai janye ba. Ba dominsa ka yi ba. Ka yi ne domin mutum 190 da ke karantawa a shiru, waɗanda kowannensu ke jiran ya ga ko akwai mai irin tunaninsa.

Shi kuwa Kawu, ba a gurup ake tararsa ba. A bi shi ta gefe, ko a kira shi. "Kawu, barka da hutawa, ya iyali? Odiyon nan da kuka turo na maganin suga, na tambayi masu aikin likita sun ce yana da hatsari ga wanda ya bar maganinsa. Na ce bari in sanar da ku, kada wani ya gwada a ce daga wurinku ya ji." Ka ba shi hanyar da zai goge da hannunsa, ko ya yi gyaran da bakinsa, girmansa na nan. Idan ya ƙi, to ka kira Inna kai tsaye. Game da hoton yarinya kuma babu wata dabara: kada ya wuce ta wayarka, kuma ka rubuta a fili cewa a daina turowa, da sunanka.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai tsada. Za a ce kana nuna ka fi kowa boko. Idan maganar ta shafi siyasa za a liƙa maka ɓangare, yau a ce kai ɗan koren wane ne, gobe a ce maci amanar ƙasa, kuma kowane ɓangare yana da nasa sunan da yake jifa da shi. Wani admin ɗin zai fitar da kai. Mace kuma abin da za a faɗa mata ya fi haka ɗaci. Shi ya sa ba na ce kowa ya je ya yi jarumta shi kaɗai ba. Asch ya gwada wannan ma: idan mai goyon bayan nan ya juya tsakiyar gwaji ya koma bin taro, wanda ake gwadawar shi ma yakan rushe nan take. Don haka kafin ku bar wurin nan, kowa ya duba gurup biyu ko uku da ya fi zama a ciki, ya nemi mutum ɗaya da ya yarda da hankalinsa, ku yi magana ta gefe. Ku ƙulla cewa idan ɗaya ya yi tambaya, ɗayan zai fito ya ce "ni ma ina son in sani", cikin minti biyar, kafin mutum ukun nan su rufe wurin.

An nuna mini agogo tun ɗazu. Sauran lokacin na tambayoyi ne, kuma ina roƙon a fara ba ɓangaren mata makirfo, don na ga hannu biyu a can baya tun ina maganar hotuna.